Yatsu biyu da sakakkiyar tsirkiya: inda Black Sabbath suka samo duhun Master of Reality

Abin da kunne ke fara cin karo da shi a faifan Master of Reality tari ne. Tarin mutumin da hayaƙi ya sarƙe, aka naɗe shi a tef, aka yi ta maimaita shi yana yawo daga wannan kunne zuwa wancan. Kafin ka gama mamaki sai jita ta rufto a kai, mai kauri kamar tuwon da ya ji gari. Mai tarin shi ne Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar Black Sabbath. Yana tsakiyar ɗaukar wani kiɗa a situdiyo mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya miƙo masa naɗin wiwi, ya zuƙa ya ƙware, na'ura kuwa tana kunne. Maimakon su goge, sai suka mai da tarin sallamar shiga faifan.

Faifai na uku ke nan na ƙungiyar, ya fito a 1971. Tsawonsa bai kai minti 35 ba, waƙoƙi takwas ne a ciki, biyu daga cikinsu ma gajerun kiɗa ne ba baki. Duk da haka, in ana zancen inda kiɗan heavy metal, wato "ƙarfe mai nauyi", ya ɗauko duhunsa, nan ake nunawa da yatsa. Ba a wannan faifan Black Sabbath suka fara tsorata mutane ba, sun yi biyu kafinsa. Amma wanda ya saurari ukun a jere zai ji cewa a na ukun ƙasa ta nutse da shi.

To mene ne duhu a kiɗa, tunda kunne ba ya ganin launi? A wajenmu amsar a kusa take: da an ga dogon gashi da baƙaƙen kaya aka ji ihu, sai a ce kiɗan shaiɗanu ne, a rufe babin. Turawan wancan zamanin ma da yawansu haka suka ce. Ni kuwa, bayan na daɗe ina sauraron faifan, abin da na gane shi ne duhun nan ƙera shi aka yi da hannu. Ana iya kwance shi gaɓa-gaɓa kamar injin babur, kuma yawancin kayan haɗinsa daga masana'anta da asibiti da labaran rediyo aka samo su.

Masu kallon ƙwallon Ingila sun san Aston Villa. To unguwar Aston ɗin nan ta birnin Birmingham ita ce ta raini mutum huɗun: Iommi a jita, Geezer Butler a jitar bes mai kaurin murya, Bill Ward a ganguna, Ozzy a waƙa. Dukansu 'yan 1948 da 1949 ne. Birmingham garin maƙeran zamani ne, ana narka ƙarfe, ana buga shi, ana ƙera motoci da babura da bindigogi. Shi ya sa jiragen Jamus suka yi mata ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yaran da aka haifa bayan yaƙin a kufan gidajen da bam ya rusa suka yi wasan ƙasa. Ozzy ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi aiki a mayanka, ya yi aikin gwada hon ɗin mota, ya kuma yi 'yan makonni a kurkukun Winson Green saboda fasa shago. Iommi aikin ƙarfe da walda yake yi. Mu da muka ware wa maƙera dundufa muka ba mahauta kalangu, ai bai kamata mu yi mamaki ba don ɗan maƙera da yaron mayanka sun haɗu sun fito da kiɗa mai kama da sana'arsu.

Yayin da ake yi a kiɗan Turawa lokacin shi ne na samarin da ke soka furanni a gashi suna waƙar soyayya da zaman lafiya, rana na haskawa a San Francisco. Wanda ke sammako cikin hazo da hayaƙin masana'anta, waƙar furanni ba ta shiga kansa, kuma Ozzy ya sha faɗin haka. Da farko kiɗan blues suke yi da suna Earth, suna kwana suna kaɗawa a gidajen rawa har Hamburg ta Jamus. A 1969 suka sauya suna, suka ari na wani fim ɗin ban tsoro na 1963 wanda Boris Karloff ya fito a ciki. Tunanin nasu mai sauƙi ne: tunda mutane na biyan kuɗi su shiga silima a razana su, me zai hana a yi kiɗan da ke razanarwa?

Labarin yatsun ya riga wannan duka. A 1965 Iommi na ɗan shekara 17, ya samu wata ƙungiya da za ta tafi da shi kiɗa ƙetare, sai ya yanke shawarar ajiye aiki a masana'antar fallayen ƙarfe. Ranarsa ta ƙarshe ya zo gida cin abincin rana ya ce shi ba zai koma ba. Mahaifiyarsa ta ce ina, ya koma ya ƙarasa yinin, ba haka ake barin aiki ba. Ya koma. Wadda ke kula da injin matse ƙarfe ba ta zo ba ranar, aka ɗora shi a kan injin da bai saba da shi ba. Injin ya sauko ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da wanda ke bi masa. Ga shi bahago: da hagu yake kaɗawa, da dama yake danna tsirkiya a wuyan jita. Daidai yatsun da abincinsa ke kansu ke nan.

A asibiti aka ce masa ya manta da kiɗa. Wanda ya dawo da shi hanya shugabansa ne na wurin aiki, da ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jazz ɗin nan da gobara ta lalata wa yatsu biyu a 1928 amma ya ci gaba da kaɗawa da sauran har ya zama gwanin gwanaye. Iommi ya ɗauko robar sabulun wanke-wanke ya narka ta, ta zama dunƙule, ya huda ta da zazzafan ƙarfe har kan dungulmin ya shiga, sannan ya zauna yana ta gogewa har ta yi siffar yatsa. Ya gwada, roba na santsi a kan tsirkiya. Sai ya yanko fata daga wata tsohuwar jaket ya liƙa mata, ta kama. Amma matsala biyu suka rage. Ta fari, ba ya jin tsirkiyar a ƙarƙashin roba, dole ya koyi dannawa da kunne. Ta biyu, in ya matsa da ƙarfi dungulmin na zogi. Tsirkiyoyin jitar wancan zamanin masu kauri ne masu tauri, don haka ya riƙa haɗawa da na banjo, wani kayan kiɗa ɗan'uwan jita, waɗanda suka fi siranta.

Yanzu ga lissafin, kuma a nan ne zuciyar maganar take. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai garaya ko mai goge yana gyara kayansa ya san dokar: ka ɗaure tsirkiya tam, murya ta yi sama ta sirance, ka sassauta, ta yi ƙasa ta yi kauri. Haka mai kalangu yake yi da hammata, in ya matse ta haura, in ya saki ta sauka. Jita tsirkiya shida gare ta, kuma a ɗaurin da kowa ya saba, mafi kaurinsu tana girgiza kusan sau 82 a daƙiƙa, muryar da makaɗa ke kira E. A waƙoƙi uku na Master of Reality, wato "Children of the Grave" da "Lord of This World" da "Into the Void", Iommi ya murɗa kunnuwan jitarsa baya har ƙaramin mataki uku, tsirkiyar ta koma girgiza kusan sau 69, muryar da ke tsakanin C da D. Butler ya bi sahu da jitar bes, tasa ta sauka daga wajen 41 zuwa kusan 35. Kunnen ɗan Adam daga wajen 20 yake fara ji. Ka ga sun matso kusa da iyakar da sauti ke daina zama abin ji da kunne ya koma abin ji a ƙirji.

Ga yatsun kuma riba ce babba, domin tsaurin tsirkiya ya fi muryarta saurin faɗuwa. Saukar mataki ukun nan tana rage tsaurin da kusan kashi 30 cikin ɗari. Mutumin da ke danna waya da dungulmi sanye da roba, dare bayan dare a kan dandali, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sannan sakakkiyar tsirkiya halinta daban. In aka doke ta da ƙarfi muryar kan ɗan haura kafin ta dawo ta zauna, tana lilo, ba ta tsayawa cak. Wannan 'yar tangaɗin ce ke sa farkon "Into the Void" ya yi kama da tirela mai lodi tana hawa tudu a giya ɗaya, kana jin nishinta, kana tunanin ko za ta kai.

Wata 'yar shawara kafin mu wuce: kada a auna wannan magana da lasifikar waya. Ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da sautin da ke can ƙasa, abin da za ka ji kawai ƙarar gwangwani ce da muryar Ozzy. Na yi wannan kuskuren da farko, na ce ina nauyin da ake ta faɗa? Sai da na sa iyafis mai kyau cikin dare, wuta ta ɗauke, unguwa ta yi tsit, sannan na gane cewa rabin faifan ban taɓa jinsa ba.

Sai dai labarin yatsun an cika masa gishiri. Yadda ake ba da shi, injin ya datse yatsu, yaro ya saki tsirkiya, heavy metal ta faɗo. Wani hani ga Allah baiwa ne, gaskiya ne, amma a duba shekarun. Hatsarin a 1965 ya faru, sakin tsirkiyar a faifai kuwa sai 1971. A tsakani sun fitar da faifansu na farko mai sunan ƙungiyar ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, sun kuma fitar da Paranoid a Satumbar shekarar, wanda ya hau na ɗaya a Birtaniya. Da yatsun roban nan aka kaɗa su duka, ba tare da wannan zurfin ɗaurin ba. Ko a Master of Reality ɗin ma ba kowace waƙa aka sassauta ba: "Sweet Leaf" mai buɗewa da tari a ɗaurin kowa take, kuma nauyinta bai ragu ba. Zogi ne ya sa aka gwada, amma kunne ne ya ce a bar shi haka.

Me ya sa sai a lokacin? Abu na farko lokaci. Faifansu na fari a yini guda suka naɗe shi a Oktoban 1969, kusan kamar yadda suke kaɗawa a gidan rawa. Na ukun kuwa, bayan Paranoid ya kawo kuɗi kuma sun zagaya Amurka, sun samu damar shiga da fita a situdiyon Island da ke Landan daga Fabrairu zuwa Afrilun 1971, tare da furodusansu Rodger Bain. Mai lokaci shi ke gwaje-gwaje. Abu na biyu, jita ɗaya gare su. Deep Purple, takwarorinsu na lokacin, suna da Jon Lord yana cike musu fili da ogan, kayan kiɗa mai madannai kamar piyano. Su Sabbath in Iommi ya tashi sama yana gwaninta, ƙasa kan zama wayam, sai an samu abin da zai toshe ramin. Kaurin sauti shi ne amsarsu.

A nan ne bambancin duhun faifan farko da na uku yake fitowa. Na farkon duhun silima ne. Yana buɗewa da ruwan sama da tsawa da ƙararrawar coci, sannan jita ta kaɗa wasu muryoyi masu wata tazara da kunne ba ya natsuwa da ita, tazarar da tsofaffin malaman kiɗan Turai suka yi wa laƙabi da "shaiɗan a cikin kiɗa". Ana yawan cewa coci ta haramta ta har tana hukunta mai kaɗa ta. Wannan ƙari ne, abin da aka sani shi ne mawaƙan coci na kauce mata don wuyar rerawa da rashin daɗinta. Ko ta yaya dai, wannan duhun ado ne, kamar dodon da aka zana a bango. Kuma in ka wuce waƙar farko, sauran faifan cike yake da blues: ga harmonika ana busawa, ga waƙoƙin aro biyu, ga doguwar gwanintar jita. A Master of Reality an kwashe wannan duka. Ba waƙar aro, ba ƙararrawa, ba tsawa. Har bangon faifan baƙi ƙirin ne, sunan ƙungiyar da launin shunayya, sunan faifan kuwa baƙi a kan baƙi, sai ka karkata shi ga haske kafin ka karanta. Abin da ya rage shi ne nauyi zalla.

Ginshiƙin nauyin shi ne abin da suke kira rif. Mu a wajenmu ya fi kusa da take: 'yar gajeriyar jimlar kiɗa da ake maimaitawa har ta zauna a kai, wadda da ka ji ta ka san ta wace ce. A yawancin kiɗan rock na lokacin jita rakiya take yi wa waƙa. A wajen Iommi taken shi ne uban gida, murya ce baƙuwa. Butler, wanda da can shi ma mai jita ne kafin ya koma bes, ba ya tsayawa gefe yana riƙe ƙasa kamar sauran masu bes. Bin taken yake sawu da ƙafa, yana lanƙwasa tsirkiya inda Iommi ya lanƙwasa, sai biyun su haɗe su zama bango guda. Iommi na kaɗa jita ƙirar Gibson SG ta cikin na'urar ƙara sauti ta Laney, wadda ita ma a yankin Birmingham ake ƙera ta, yana tura ta fiye da ƙarfinta har sautin ya fashe ya yi ƙura. Wannan fashewar tana da sharaɗi. Makaɗan Turawa kan haɗa murya uku a bugu guda, kuma ta tsakiyar ce ke gaya wa kunne ko murna ake ko makoki. In sauti ya fashe, murya ukun kan cakuɗe su zama taɓo, don haka masu wannan kiɗa kan cire ta tsakiyar su bar biyu. Sakamakon shi ne sauti mai fuska a murtuke, bai yi dariya ba bai yi kuka ba.

Muryar Ozzy kuma ba ta bi jitar ƙasa ba. Tana can sama, siririya, ta hanci, ba ta da wani ado. Mawaƙin gaske zai iya raina ta, amma tazarar da ke tsakaninta da jitar ita ce ramin da mai sauraro ke leƙawa. Kamar mutum ne tsaye a bakin rijiya yana kira. Da mai katon murya suka samu ya bi su ƙasa, da komai ya dunƙule ya zama gurnani.

Kada kuma a ɗauka duhun a jan ƙafa kaɗai yake. "Children of the Grave" sukuwa take yi kamar dawakin hawan sallah, Bill Ward na zuba ganguna a bayanta kamar ana kiran yaƙi. Ward da kiɗan jazz ya tashi, hannunsa na da rangaji, ba ya bugu kamar agogo. Yakan ɗan ja baya, ya ɗan yi gaba, kuma wannan ne ke hana nauyin zama gawa.

Sai kalmomin. Mafi yawansu Butler ne ke rubutawa, shi kuwa ɗan gidan Katolika ne 'yan asalin Ireland, da coci ya tashi. Ya taɓa shiga karance-karancen tsafi yana saurayi, ya kuma ba da labarin yadda wani dare ya farka ya ga baƙar inuwa tsaye a ƙarshen gadonsa, ya tsorata ya watsar. Waƙar da ke ɗauke da sunansu, "Black Sabbath", daga nan ta fito, kuma mai magana a cikinta gudu yake yana neman Allah ya cece shi. Amma kamfanin faifai ya ga kasuwa, ya buga juyayyen gicciye a cikin bangon faifan farko ba da shawararsu ba. Daga nan masu tsafi na gaske suka fara bibiyarsu, masu wa'azi kuma suna tsine musu. Har mahaifin Ozzy, wanda ƙera kayan aiki ne sana'arsa, ya ƙera musu gicciyen ƙarfe suka riƙa ratayawa a wuya.

"After Forever", waƙa ta biyu a Master of Reality, ita ce amsar Butler ga wannan duka, kuma wa'azi ce tsagwaronta. Tambayar mai sauraro take yi: in ka mutu me kake zaton zai faru da ranka, kuma kunyar abokai ce ta hana ka yarda da Allah? "Lord of This World" an sa maganar a bakin shaiɗan, amma ba'a yake yi wa mutanen da suka zaɓe shi da kansu suka naɗa shi ubangidan duniyarsu. "Children of the Grave" kuka ne kan yaƙi da bam ɗin nukiliya, tana cewa matasa su tashi tun kafin a mai da su 'ya'yan kabari. "Into the Void" kuwa labarin wasu mutane ne da suka hau kumbo suka gudu daga duniyar da yaƙi da gurɓata suka cinye. A tuna lokacin: yaƙin Biyetnam na ci, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun auna wa juna makamai masu linzami, shekara biyu ke nan da sauka a duniyar wata, kuma a Afrilun 1970 aka fara bikin ranar kare muhalli a Amurka. Sunan faifan kansa na nufin mai mallakar zahiri. Dodon faifan farko a tatsuniya yake, na wannan kuwa a jarida.

Ba wanke su nake yi ba. "Sweet Leaf" waƙar soyayya ce da aka yi wa tabar wiwi, ba ɓoye-ɓoye, kuma ita aka sa a gaba. Shekara guda bayan haka suka tare a Los Angeles don faifansu na huɗu, inda hodar iblis ta zama abincin gidan, har suka yi mata waƙa ita ma. Daga nan abubuwa suka riƙa zamewa sannu a hankali, har aka kori Ozzy a 1979 saboda shaye-shaye, alhali masu korar ma ba tsarkaka ba ne. In ana neman ta inda iblis ya shiga ƙungiyar nan, Bahaushe ya riga ya raɗa wa hodar suna.

Akwai wani ɓangare na faifan da masu kwaikwayonsa suka fi mantawa. Kafin "Children of the Grave" akwai "Embryo", ɗan kiɗa na kusan rabin minti mai kama da na zamanin da. Kafin "Lord of This World" akwai "Orchid", jitar katako mai taushi, minti ɗaya da rabi. Kafin "Into the Void" akwai "Solitude", inda Iommi ke busa sarewa, Ozzy na rerawa a hankali har mutane da yawa suka rantse ba shi ba ne. Wato waƙoƙi ukun da aka saki wa tsirkiya, kowacce an shimfiɗa mata shiru a gabanta. Wanda ya fito daga rana ya shiga ɗaki shi ya fi ganin duhunsa. An tsara abin ne da gangan, kuma a ganina wannan tsarin ya kai sakin tsirkiyar muhimmanci.

Masu sharhin kiɗa na lokacin ba su yaba ba. A mujallar Rolling Stone an kwatanta kiɗan da maimaici da rashin zurfi, wasu ma suka ɗauke shi abin dariya. Samarin masana'antu da 'yan makaranta ba su tsaya jin ta bakinsu ba: faifan ya kai na 5 a Birtaniya, na 8 a Amurka, inda a ƙarshe ya sayar da fiye da kwafi miliyan biyu. A 2003 ita dai Rolling Stone ɗin ta saka shi cikin jerin faifai 500 da ta ce sun fi kowane.

Zuriyarsa kuwa ta yaɗu. Daga jan ƙafar "Into the Void" aka samu reshen da ake kira doom, su Saint Vitus da Trouble a Amurka, Candlemass a Suwidin. Daga hayaƙin "Sweet Leaf" aka samu su Kyuss na hamadar California da Sleep da Electric Wizard. Samarin Seattle da suka girgiza duniyar rock a farkon shekarun 1990 ma sun sha daga rijiyar, Soundgarden har sun sake kaɗa "Into the Void". Daga baya aka shiga tseren zurfi: Korn suka zo da jita mai tsirkiya bakwai, Meshuggah da mai takwas, kowa na neman ya fi wani sauka. Yau yaro da kwamfuta a ɗakinsa zai iya fitar da sautin da ya ninka na 1971 kauri. Da yawansu kuwa in ka saurara sai ka ji ƙarfi ba tsoro, domin gangunan na tafiya daidai kamar injin nika, kuma babu inda aka bar shiru.

Ranar 5 ga Yulin 2025 mutum huɗun suka hau dandali tare a filin Villa Park, 'yar tafiya kaɗan daga gidajen da suka tashi, karo na farko cikin shekara 20. Ozzy a zaune ya yi waƙa, kan wata baƙar kujerar sarauta, saboda cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa. Iommi, ɗan shekara 77, da 'yan hulunan yatsunsa ya kaɗa. Waƙa huɗu suka yi, ɗaya daga faifan farko, uku daga Paranoid, ba ko ɗaya daga Master of Reality. Waɗannan tun da rana 'ya'ya da jikoki suka kaɗa musu: Anthrax suka ɗauki "Into the Void", Lamb of God suka ɗauki "Children of the Grave". Kwana 17 bayan haka, ranar 22 ga Yuli, Ozzy ya rasu yana da shekara 76.